Ƙanena zabiya ne, an ce gyambon kunnensa daji ne: dole sai an yanka?

Ummu_Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ina neman shawara, kaina ya kulle. Ƙanena zabiya ne, shekararsa 27. Da damina noma yake yi, da rani kuma yana sayar da rake a bakin titi. Wata tara ke nan wani ɗan ƙurji ya fito masa a saman kunnen dama. Da farko kamar ɓawo ne mai kaushi, ya ɓamɓare ya dawo, ya ɓamɓare ya dawo. Yanzu ya zama gyambo, faɗinsa ya kai murfin kwalbar lemo, bakinsa ya yi tudu, ana ɗan taɓawa sai jini. Mun sha maganin kemis, an yi allurai, an shafa mai iri-iri, shiru. Da muka kai shi babban asibiti suka yanki 'yar tsoka suka kai gwaji, sakamako ya fito wai dajin fata ne, irin wanda suke kira sukwamas. Likita ya ce aiki za a yi, a cire wurin har da wani yanki na kunnen. Inna ta ce atafau ba za a sa wa ɗanta wuƙa ba, daji ba ya son ƙarfe. Kawunmu kuma ya ce akwai mai magani a wani ƙauye da ke zubar da irinsa cikin kwana bakwai. Ni kuma na ji ana cewa akwai man shafawa na asibiti, akwai gashi. Shin babu wata hanya sai yanka? Wanda ya san abin ko ya taɓa gani, ya taimaka mini.

Baban_Hanifa:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Bari masana su shigo.

DanGwarzo77:
Hajiya, ki bi maganar mahaifiyarku. Mu a unguwarmu an yi wa wani maƙwabcinmu aiki a wuya, bai cika wata biyar ba ya rasu. Tun kaka da kakanni ake cewa daji ko allura ba a yi masa. Akwai waɗanda Allah ya ba ilimin abin, suna haɗa ƙulli a shafa, gyambon ya zube da kansa.

Sista_Rakiya:
@DanGwarzo77 don girman Allah ka janye wannan maganar. Shekara 14 ina wankin ciwo a ɗakin masu tiyata, kuma babu waɗanda suke karya mini zuciya kamar masu zuwa bayan an gama shafa musu wannan ƙullin. Galibinsa abu ne mai cin fata. Wani da ruwan tumfafiya ake haɗawa, wani da kanwa, har wanda aka ɗiga wa ruwan batir na gani da idona. Saman gyambon sai ya ƙone ya faɗi, gida ya ɗauki murna a ce ya zube. Alhali saiwar tana ƙasa tana ci. Bayan wata uku ko huɗu ya dawo ya ninka, ya kama guringuntsi, ya gangara wuya. Maƙwabcin naku, Allah ya jiƙansa, tsawon wane lokaci ya yi da ciwon kafin a kai shi asibiti?

DanGwarzo77:
Ya fi shekara biyu kam. Amma dai bayan aikin ne jikin ya rikice, wannan kowa ya shaida.

Farin_Wata:
Yaya Ummu Sadiq, ni zabiya ne, shekarata 41, kuma sau uku ana yi mini irin aikin nan. Na farko a bayan wuya ina ɗan shekara 29, na biyu a goshi, na uku a bayan hannun hagu shekara huɗu da suka wuce. Ga ni ina rubuto miki, ina da 'ya'ya biyar, ina koyarwa. Na goshin sai da aka ɗebo fata daga cinyata aka dasa. Tabo yana nan, hula tana rufe rabinsa, sauran rabin na saba da shi.

Mu huɗu ne zabiya da muka tashi tare a garinmu. Biyu sun rasu kafin su kai talatin da biyar, dukansu da gyambo a kai ko a wuya, dukansu an yi ta yawon neman magani da su har ciwon ya fara wari. Ba na son tuna yadda ɗaya daga cikinsu ya ƙare, an ware masa ɗaki saboda ƙudaje. Ki gaya wa Inna wani ɗanta ya ce yana roƙonta da Allah ta bari a cire tun yana murfin kwalba.

Dakta_Mai_Fata:
Allah ya ba shi lafiya. Ban ga mara lafiyar ba, don haka maganar likitan da ya duba shi ita ce gaba da tawa. Amma bari in buɗe miki abin yadda za ki iya yi wa na gida bayani.

Dajin fata, in aka cire melanoma mai tasowa daga ƙwayoyin da ke ba fata launi, manyansa biyu ne. Akwai basal, mai tafiyar hawainiya, yana cin wurin da ya fito amma da wuya ya yi tsalle zuwa wani sashe na jiki. Shi ya fi yawa a wurin Turawa. Akwai kuma sukwamas, wanda aka samu a ƙanenki. Shi yana iya bin hanyar kaluluwa ya sauka gaban kunne da wuya, daga can ya wuce. Shi ne muka fi gani a zabiya a ƙasashenmu, saboda fatarsu ba ta da sinadarin melanin da ke tare zafin rana, ga shi kuma ranar tamu ba ta hutu.

Hanyoyin magani suna da yawa, gaskiya kika ji. Sai dai kowace da inda take aiki. Man shafawa irin su Efudix da Aldara na abin da yake saman fata ne kawai: ɓawon nan mai kaushi da rana ke haifarwa kafin ya zama daji, ko dajin da bai riga ya nutsa ba. Haka daskarewa da ruwan naitirojin, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, da kankarewa a ƙona gindin da lantarki, duk na ƙananan wurare ne marasa zurfi. Da a watan farko kuka zo, lokacin yana ɓawo, mai yiwuwa ɗaya daga cikin waɗannan ya wadatar. Ba don in sa ki nadama na faɗa ba, don sauran wuraren da ke jikinsa ne, domin da wuya a rasa wasu ɓawon a wuyansa da hannuwansa, kuma su yanzu ne lokacinsu.

Amma wanda ya zama gyambo mai tudun baki, ya haura santimita 2, kuma a kunne, mu a wurinmu yana cikin masu haɗari. Kunne da leɓe wurare ne da sukwamas ya fi saurin bazuwa daga gare su. Maganinsa na farko yanka ne. Ba gyambon kaɗai ake cirewa ba, ana haɗawa da lafiyayyar fata a kewaye, milimita 4 zuwa 6 ga mai sauƙi, fiye da haka ga irin wannan. Sai a kai abin da aka ciro ɗakin gwaji a duba gefunansa ko an fita da shi duka. Wannan takardar ta biyu ku tabbata kun karɓa, mutane da yawa suna tafiya gida ba su waiwaye ta ba.

Maganar ƙarfe kuwa, @DanGwarzo77, na san inda ta samo asali kuma ba na raina masu faɗinta. Mutum zai shekara biyu da ciwo, sai ya riga ya shiga wuya da huhu sannan a kawo shi. A yi aiki don a rage masa wahala, ya rasu, a ce wuƙa ce. Sannan akwai masu yankan bayan fage, a ɗakin kemis, su yanke saman su bar gefuna, ya dawo da ƙarfi. Waɗannan biyun su ne suka raya maganar. Wuƙar da ta zo da wuri, a hannun wanda ya iya, ita ce ke warkar da mafi yawan masu wannan ciwo.

Ummu_Sadiq:
Dakta na gode, Allah ya saka da alheri. Malam @Farin_Wata wallahi sai da na yi kuka. To Dakta, gashin fa? Inna za ta fi yarda da shi tunda babu wuƙa.

Hajjo_Mai_Atamfa:
Ni dai zan ce a gwada gashin. Mahaifina yana da shekara 78 aka gano nasa a gefen hanci. Likitoci suka ce saboda ciwon zuciyarsa ba za su so su sa shi barci ba, aka yi masa gashi wajen mako shida, kullum ban da Asabar da Lahadi. Wurin ya yi ja, ya saɓule, daga baya ya warke sumul. Ya ƙara shekara biyar a duniya, kuma ba shi ne ajalinsa ba.

Sani_Acaba:
Gashin nan irin na ƙashi ne da ake yi wa masu shanyewar ɓarin jiki? Don akwai mai yi kusa da mu.

Sista_Rakiya:
A'a Malam Sani, sunan ne kawai ya zo ɗaya. Wancan motsa gaɓɓai ne da ɗumama su. Wannan kuwa wata babbar na'ura ce da ke harba haske mai ƙarfi ya kashe ƙwayoyin dajin. Ba a jin zafi lokacin da ake yi, mintuna kaɗan ne a kwance, kuma ba kowane asibiti ke da ita ba.

Dakta_Mai_Fata:
Hajiya @Hajjo_Mai_Atamfa, abin da aka yi wa Baba daidai ne, Allah ya jiƙansa. Ga dattijo, ko wanda jikinsa ba zai ɗauki aiki ba, ko wurin da yanka zai ɓata fuska sosai, gashi zaɓi ne mai kyau. Amma ga ɗan shekara 27 lissafin ya bambanta. Fatar da aka gasa tana yin rauni da tafiyar shekaru, ba a cika son maimaita gashi a wuri ɗaya ba, kuma bayan shekaru masu yawa wani sabon dajin na iya fitowa a wurin. Shi kuma zabiya ne, akwai yiwuwar nan gaba ya buƙaci magani a kusa da wurin. Sannan da gashi babu abin da za a kai gwaji a ce an fita da shi duka. Shi ya sa a irin nasa mukan ajiye gashi ya zama na bayan aiki: idan gefuna ba su fita tsaf ba, ko an ga ya bi jijiya, ko ya taɓa kaluluwa.

Injiniya_Bello:
Don wanda zai buƙata: wuraren da aka sani da na'urar gashi a arewa akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Asibitin Ƙasa na Abuja. A kudu akwai Ibadan, Legas, Inugu da Benin. Ko ina za a je, a fara bincike a ji ranar da za a samu layi kafin a ɗauko mara lafiya, kuma a yi tanadin masauki, don ba zuwan yini ɗaya ba ne. Da na raka ɗan'uwana, kuɗin kwana da abinci na makonnin nan sai da ya kusa kamo na maganin.

Elh_Maradi:
Salamu alaikum ƴan uwa na Najeriya. Mu nan Nijar tun 2021 aka buɗe wurin gashi a cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa da ke Yamai, da taimakon hukumar nukiliya ta duniya. Kafin nan sai an fita waje, mai hali ke nan. Ɗiyar ƙanwata zabiya ce, lokotoro ya cire mata wani a kafaɗa bara, bai ma kai ga gashi ba. Abin da na lura, mu mutanen karkara sai abu ya yi wari muke zuwa likita. Allah ya ba yaron lafiya.

Bintu_Ingila:
Ina aiki a gidan kula da tsofaffi a nan Ingila, kuma wannan ciwon a wurinsu kamar ruwan dare ne, da wuya wata ya wuce ba mu raka wani an cire masa ba. Na fuska da kunne sau da yawa wani irin aiki ake yi musu mai suna Mohs, sunan likitan Amurka da ya ƙirƙiro shi tun shekarun 1930, Frederic Mohs. Ana yankar fatar siriri-siriri, a duba a madubin likita nan take mara lafiya yana zaune yana jira, in an ga saura a koma daidai wurin a ƙara, har sai ya fita tas. Ba a asarar lafiyayyar fata da yawa. @Ummu_Sadiq ki tambaya ko za a samu, ko kunnen zai tsira.

Dakta_Mai_Fata:
Gaskiya ne 'yar'uwa Bintu, Mohs shi ne ya fi dacewa da irin waɗannan wurare. Amma yana buƙatar likitan da ya koye shi da ɗakin gwaji a gefen ɗakin tiyata, kuma ba abu ne da ake samu a asibitocinmu kamar can ba. Tsorona kada a tsaya neman sa wata uku su wuce. Yanka mai faɗi da duba gefuna yana aiki sosai. Kunne kuma likitocin gyaran jiki sun iya haɗa shi, sau da yawa kamar yankan kankana ake cirewa a ɗinke, ya ɗan ƙanƙance kawai. Ji ba ya taɓuwa, don can ciki yake.

Auwal_Kwari:
Ni fa ina ganin wannan ciwon na Turawa ne da zabiya. Mu masu baƙar fata Allah ya kare mu.

Iro_Tela:
Malam Auwal, ba haka ba ne. Mahaifina baƙi ne wuluk. Yana yaro ya faɗa wuta, ƙaurinsa ya ƙone, tabon ya zauna fiye da shekara talatin ba abin da ya yi. Rana ɗaya tsakiyar tabon ya fashe. Muka ce gyambo ne irin na manoma, ana ta wankewa da ruwan gishiri, ana barbaɗa kafso. Shekara uku muna haka. Da aka je gwaji aka ce sukwamas ne, ya riga ya kama ƙashi. Ƙafar aka yanke daga ƙasan gwiwa. Yana nan da rai, yana dogara sanda, amma har yau in na kalle shi sai in tuna likitan da ya ce da mun zo a shekarar farko fata kawai za a cire a dasa wata.

Dakta_Mai_Fata:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya, Malam Iro. Wannan shi ake kira gyambon Marjolin, da sunan wani likitan Faransa da ya yi bayaninsa a 1828. A wurin masu baƙar fata ta nan sukwamas ya fi shigowa: tsohon tabon ƙuna, gyambon ƙafa da ya daɗe, wurin da ƙashi ya jima yana ruwa. Haka masu raunin garkuwar jiki, kamar masu ɗauke da HIV da waɗanda aka yi wa dashen ƙoda. Duk ciwon da ya wuce wata ɗaya zuwa biyu ana magani bai nuna alamar rufewa ba, a nemi a yanki tsoka a gwada.

Zee_Fagge:
Don Allah tunda ana maganar melanin, masu shafa man bilicin fa? An ce su ma suna kamuwa.

Famasis_Nura:
Man bilicin aikinsa ke nan, rage melanin. Yawancinsu akwai haidirokwinon, ko sitiroyid mai ƙarfi, wasu har da makuri. Likitocin fata a Dakar sun ba da rahoton matan da suka shekara da shekaru suna shafawa aka same su da sukwamas a wuya da kafaɗa, wuraren da rana ke duka. Ko ba daji ba, fatar tana yin siriri, in aka yi aiki ɗinki ba ya kamawa da kyau.

Zee_Fagge:
Innalillahi. Wallahi a gidanmu kaɗai mutum uku.

Maman_Walid:
Ai maza ne ke jawowa, kowa sai ya ce fara yake so.

Auwal_Kwari:
Kullum maza. Wa ya kama hannun wata ya shafa mata?

Baban_Hanifa:
Jama'a a yi haƙuri, wannan a buɗe masa nasa zauren. Baiwar Allah tana jiran yadda za ta yi da mahaifiyarta.

Malam_Abu_Safiyya:
'Yar'uwa Ummu Sadiq, Inna ba gardama take yi ba, tsoro ne, kuma tsoron uwa ba a kawar da shi da faɗa. Kada ku taru a kanta ku nuna mata ba ta sani ba. Ki samu wanda take jin nauyinsa, limamin unguwa ko yayanta, ya tuna mata faɗin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Neman magani wurin masaninsa ba ya warware tawakkali. A ci gaba da addu'a da sadaka, a kuma tafi asibiti. Sannan ku tafi da ita ta ga likitan da idonta, ta yi tambayoyinta da bakinta. Kuma kada a manta, shi mai ciwon baligi ne. Shi me ya ce? Ban ga kin faɗa ba.

Ummu_Sadiq:
Malam ka taɓo inda yake. Shi yana son a yi, ya gaji da zafin, ba ya iya kwanciya ta ɓangaren. Amma ya ce ba zai tsallake maganar Inna ba ko da zai mutu. Ga kuma kuɗi, gonarsa ɗaya ce.

Farin_Wata:
Kan kuɗi, ki nemi ƙungiyar zabiya ta jiharku, kusan kowace jiha akwai reshe. Akwai kuma gidauniyar The Albino Foundation da Jake Epelle ya kafa, ita ta yi fafutukar da aka samu shirin yi wa zabiya maganin dajin fata kyauta a Abuja tun zamanin Obasanjo. Shirin yakan tsaya in kuɗi ya yanke, don haka kada ku jingina da shi kaɗai, amma ku tambaya. A asibitin ma ku je ofishin walwalar marasa lafiya. Lokacin bikin ranar zabiya ta duniya, 13 ga Yuni, akan samu masu raba man kariya da duba fata kyauta, nan gaba ya riƙa zuwa. In Inna za ta yarda, ki yi mini magana ta akwatin sirri, mahaifiyata tana raye, ita ma da farko ƙi ta yi. Su yi magana tsohuwa da tsohuwa.

Bintu_Ingila:
Dakta, wata tambaya. Akwai wani tsoho a wurinmu da nasa ya bazu, ana yi masa ƙarin ruwa duk mako uku, kuma ƙullutun wuyansa ya narke sosai. Ba za a iya ba yaron wannan ba a huta da yanka?

Dakta_Mai_Fata:
Ina jin cemiplimab ne, wanda ake sayarwa da sunan Libtayo. Amurka ta amince da shi a 2018 don sukwamas da ya bazu ko ya fi ƙarfin wuƙa da gashi. Garkuwar jiki yake sakin wa mara ta yaƙi dajin. Ba kowa yake yi wa aiki ba, yana da nasa illolin, tsadarsa kuma ta wuce tunanin talaka. Basal ma yana da irin nasa na haɗiya, vismodegib, tun 2012. A nan in abu ya kai can, abin da aka fi samu shi ne kimo, wato magungunan kashe ƙwayoyin daji, irin su cisplatin da 5-FU, sau da yawa tare da gashi, kuma galibi rage ciwon suke yi. Waɗannan galibi na wanda ƙofar yanka ta rufe masa ne. Ta ƙanenta a buɗe take.

Famasis_Nura:
In ƙara da abu ɗaya na bayan aiki. Wani bincike a Ostireliya da aka fitar a 2015 ya nuna masu yawan samun dajin fata da suka sha nikotinamaid, wani nau'in bitamin B3, miligiram 500 sau biyu a rana, sabbin da suka fito musu sun ragu da kashi 23 cikin ɗari a shekara guda. Ba ya warkar da wanda ya riga ya fito, kuma a tambayi likita kafin a fara. Efudix kuma don Allah kada wani ya karanta nan ya je ya saya ya shafa wa gyambo. Ko a inda ya dace, fata takan yi ja ta yi ɗanye na makonni, kuma mai ciki ba ta amfani da shi.

DanGwarzo77:
Ni dai na ji bayananku. Har yanzu ban daina ganin akwai abin da Allah ya ajiye a itatuwa ba. Amma tunda ga wanda aka yi wa sau uku yana magana, ba zan ce kada a yi ba. Allah ya sa a dace.

Ummu_Sadiq:
Salam, na dawo. Jiya mun je da Inna da yayanta. Ta yi magana da mahaifiyar Malam @Farin_Wata kusan awa ɗaya, Allah ya biya su. A asibiti ta tambayi likita ko zai rantse ɗanta zai tashi, ya ce rai na Allah ne, amma in an bari ya san inda abin zai je. Ta yi shiru, daga baya ta ce a yi. An ba mu nan da kwana 12. Kawu ya kawo ƙullin nasa a leda, yana nan a kan taga ba wanda ya taɓa, shi kuma ya yi fushi ya daina shigowa. Amma akwai abin da ya tayar mini da hankali: likita ya lalubi wani ɗan ƙullutu a gaban kunnen, ya ce sai an yi hoto an kuma zuƙo ruwansa da allura. Dakta, wannan na nufin mun makara?

Dakta_Mai_Fata:
Ba lallai ba. Gyambon da ya daɗe a buɗe yakan kwashi ƙwayoyin cuta, kaluluwa ta kumbura saboda su kaɗai. In kuma gwaji ya nuna dajin ne ya isa can, ana cire kaluluwar a aiki ɗaya, a bi da gashi, kuma ana samun waraka. Ku yi hoton da allurar cikin makon nan don kada ranar aikin ta goce. Bayan aiki kuma zai riƙa komawa duk wata uku zuwa shida, musamman shekara biyun farko, don a nan ne mai dawowa ya fi dawowa.

Sani_Acaba:
To in ya warke zai koma gona da rake? Don nan ne abincinsa.

Farin_Wata:
Wannan ita ce tambayar da ta fi aikin wuya, Malam Sani. Ni sai da na bar kiwo. In dole ne gona, ya fita da asuba ya dawo kafin ƙarfe 10, ya koma bayan la'asar. Malafa mai faɗi wadda ke rufe kunne da ƙeya, ba hula ba, hula ce ta bar kunnen nan a waje. Riga mai dogon hannu mai kauri. Man kariya mai lamba 50, a sake shafawa duk awa biyu, in an samu, don tsadarsa ba wasa ba. Raken kuma a nema masa rumfa ko shago, ko dangi su haɗa masa jarin abin da ake yi a inuwa.

Maman_Walid:
Allah ya sa a yi a sa'a. Ni ma ina da tambaya, maƙwabciyata ta haifi zabiya wata huɗu da suka wuce, kullum tana goye da ita a rana wurin tallan awara. Za a fara shafa mata man ne tun yanzu?

Sista_Rakiya:
Kafin wata shida inuwa da sutura aka fi so, da 'yar hula mai baki, man sai daga baya. Ki ce ta kawo ta asibiti a duba mata ido ma. @Ummu_Sadiq, in kun je hoton ki tambaya ko za a buƙaci jini ranar aikin, don ku nemi masu bayarwa tun yanzu.